Riyal 3,000 da zafin Jidda: yadda muka zaɓa wa ɗan yayata hular kwano, taswira da kujerar babur

Bayan ƙaramar Sallah ta 2024 Yaya ta kira ni daga Makka. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ɗanka ya sayi babur. Na hana bai ji ba, to ka je ka duba min kansa." Ta san na yi shekaru ina acaɓa a Kano kafin a hana a farkon 2013, kuma tun da na zo Jidda ban rabu da babur ba. Ranar Juma'a bayan La'asar na tafi Hamdaniyya inda yaron yake zaune.

Shekararsa 26, a Jidda aka haife shi, tsawonsa santimita 168, nauyinsa bai wuce kilo 62 ba. Yana aiki a wani sito a sina'iyya ta kudancin gari, wato unguwar masana'antu, tafiyar da ta haura kilomita 40 zuwa, haka kuma dawowa, mafi yawanta a kan babban titin Haramaini. Duk mako yakan je Makka gaida mahaifiyarsa, kuma abokansa sun riga sun kwaɗaita masa hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa. Babur ɗin ƙirar Japan ne, sabo dal, injinsa ya kusa cc 500, silinda biyu, tsayin kujerarsa daga ƙasa milimita 830. Bayan ya biya kuɗinsa da inshora da istimara, wato takardar rajistar babur, riyal 3,000 suka rage masa, kuma ya riga ya kasafta su a waya: 1,700 na allon taswira irin wanda ake maƙalawa a gaba, 1,200 na wata kujera da za a aiko daga waje. Da na tambayi hular kwano sai ya shiga ɗaki ya ɗauko min wata baƙa mai sheƙi da ya yi oda ta intanet a kan riyal 95.

Na juya ta a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kama gefe da gefe na matsa, bakinta ya lanƙwashe kamar robar wanki. Na zare soson ciki, sai ga farin abin da ke ƙarƙashi kaurinsa bai fi na ɗan yatsa ba, wajen haɓa kuwa babu shi sam. A ƙeya an manna takarda mai rubutun DOT wadda farce ya ɗaga ta nan take. Abin ya tuna min da Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta hular kwano a Najeriya, wasu abokan sana'armu suka riƙa kifa ƙwarya a kai suna ɗaure ta da igiya don su wuce jami'ai. A lokacin ana ta dariya. Biyu daga cikin waɗanda muke tasha ɗaya da su raunin kai ne ya yi ajalinsu, kuma tun daga nan abin ya daina ba ni dariya. Na ce masa, "Ɗana, wannan za ta raba ka da murur, amma ba za ta raba ka da kwalta ba." Murur su ne 'yan sandan hanya. Tarar hawa babur ba hula a Saudiyya riyal 1,000 ce zuwa 2,000, kuma ya amsa min cewa gudun tarar ne kawai ya sa ya saya.

Muka zauna muka kifar da lissafin. Hula tukuna, ko nawa za ta ci. Taswira ta biyo baya da abin da ya sawwaƙa. Kujera kuwa na ce kada a taɓa ta sai ya yi kilomita 1,000 a kanta.

Hular kwano

Sai da na fara fahimtar da shi abin da ke aiki a cikin hula, domin shi a ganinsa ƙoƙon waje ne mai kariya. Ƙoƙon yana hana abu mai tsini shiga, yana baza dukan ya watsu, yana kuma sa kai ya zame a kan kwalta maimakon ya cije. Amma mai ceton ƙwaƙwalwa shi ne farin soson nan mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tokare sabon firiji da shi a kwali. Idan kai ya bugi ƙasa, soson yana murƙushewa a hankali, ya tsawaita lokacin tsayawar kai da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan ɗan lokacin shi ne tazarar da ke tsakanin jiri da zubar jini a ƙwaƙwalwa. In ya murƙushe sau ɗaya ba ya komawa. Shi ya sa ba a sayen hula ta hannu, ko da tana sheƙi, domin ba ka san abin da ta riga ta sha ba. Nazarin Cochrane na 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Sai maganar shaida. DOT ƙa'idar Amurka ce, kuma mai ƙera hular ne da kansa yake shaidar cewa ta cika sharaɗi, hukuma sai daga baya take ɗibar samfuri a kasuwa ta gwada. Hula mai kyau tana iya ɗaukar wannan tambari, ta banza ma tana iya manna shi. Ƙa'idar ECE 22 kuwa, ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai, sai an kai hula ɗakin gwaji ta ci kafin a ba ta lamba. Shaidarta ƙyalle ne da ake ɗinkawa a jikin maɗaurin haɓa: da'ira mai harafin E da lambar ƙasar da ta amince, 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, 9 Sifaniya. Ƙarƙashinta akwai doguwar lamba. In ta fara da 05, tsohuwar ƙa'ida ce ta shekarar 2000. In ta fara da 06, sabuwa ce da aka amince da ita a 2020. Daga nan sai harafi: P na nufin katangar haɓa an gwada ta tana kariya, J hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska, P/J kuma wadda ake ɗaga gabanta ce da aka yarda a hau da ita a rufe ko a buɗe.

Da na gaya masa ana sakin hula a gwaji da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 27 a awa, sai ya zaro ido. "Kawu, ni da nake 100 a Haramaini?" Tambayar tana kan hanya. Na ce masa wanda ya daki bango kai tsaye da gudun 100 babu hular da za ta tsaya masa. Sai dai yawancin faɗuwa ba haka take ba: mutum yana faɗowa ne daga tsayin zamansa zuwa ƙasa, sauran gudun kuma ya ƙare a jan jiki. Wannan faɗowar ce gwajin yake kwaikwayo. Sabuwar ƙa'idar ta ƙara gwaji da gudu ƙasa da wancan da kuma sama da shi, ta ƙara wuraren da ake duka a jikin hular, sannan ta kawo sakin hula a kan karkataccen ƙarfe don a auna yadda kai ke murɗawa, saboda murɗawar nan tana lahanta ƙwaƙwalwa ko ƙoƙon kai bai fashe ba. Muka tsayar cewa sai mai 06.

Gardamar da ta fi tsawo a kan siffa muka yi ta. Shi buɗaɗɗiya yake so, kuma hujjarsa zafi. Ban raina hujjar ba. Jidda ta taɓa kai digiri 52 a Yunin 2010, kuma ko ranar da ma'auni bai kai 40 ba, laimar teku tana sa zufa ta ƙi bushewa. Wanda hula ta dafa shi zai fara da kwance maɗauri, ya koma ɗora ta a goshi a danja, ya ƙare da rataye ta a gwiwar hannu. Na ga haka ba adadi. Amma binciken haɗurra da Dietmar Otte ya yi a Hanoba ta Jamus ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan da hula ke sha a wajen haɓa da muƙamuƙi yake sauka, daidai inda buɗaɗɗiya ba ta da komai. Muka duba mai ɗaga gaba, tunda tana sauƙaƙa shan ruwa da magana da jami'i a shingen Shumaisi na hanyar Makka. Ta fi nauyi, ta fi ƙara, kuma mai kyau a cikinsu ta fi ƙarfin aljihunmu. Muka koma kan rufaffiya, da sharaɗin ƙofofin iskarta su zama na gaske. Yadda ake ganewa shi ne a zare soson ciki a ɗaga hular sama: in ramin ya ratsa farin soso har haske ya shigo, kuma akwai kwaroron da ya bi ta saman kai zuwa mafita a ƙeya, to iska za ta bi. Da yawa ado ne kawai aka manna a waje.

Launi ma sai da muka ja. Baƙa yake so don ta dace da babur. Na kawo masa binciken Okland ta Niyu Zilan da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2004, inda masu farar hula suka fi masu baƙa ƙarancin haɗarin rauni da kusan kashi 24 cikin 100. Dalilin gani ne. Direban da ke sauya layi a Haramaini yana leƙa madubi sau ɗaya, kuma farin kai ya fi saurin faɗa masa a ido. Ya yarda ba da son ransa ba.

Mun je shago bayan ya yi aski, da gangan, don suma tana ƙara awo. Na zagaya kansa da tef ɗin tela, kamar yatsa biyu sama da gira, ta inda ƙeya ta fi tudu: santimita 57 da rabi, wato M. Ta riyal 95 ɗin L ce, kuma ya ce ita ta fi masa daɗi. Dole ta yi daɗi, tunda ba ta taɓa shi a ko'ina. Sabuwar hula daidai kai tana matse kumatu har mutum ya ji kamar zai ciji naman bakinsa, kuma soson kumatun yana saki bayan makonni. Abin da ba ya saki shi ne farin soso. Don haka na roƙi mai shago ya bar shi ya zauna da kowace minti 20. Ta farko, wadda ya fi so, a minti na goma sha wani abu ya fara taɓa goshi, da ya cire sai ga jan tabo kamar kwabo. Kansa dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, ita kuma an ƙera ta don kai mai faɗi. Da mun ƙara girma don gudun tabon, da ta yi sako-sako a gefe. Ta biyu ta danne kunne. Ta uku, ta wani kamfani dabam, ta kama ko'ina daidai. Na ɗaure maɗaurin har yatsa biyu kawai ke shiga, na sa ya girgiza kai, fatar goshinsa ta bi hular. Na kama ƙeyarta na tura gaba da ƙarfi kamar zan tuɓe ta, ba ta fita ba. Riyal 1,150. Ya daɗe yana kallon rasit.

Maɗaurinta irin mai haƙora ne da ake turawa ya ƙulle, ba zobe biyu na masu tsere ba. Ni zobe biyu na saba da shi, amma ga wanda zai cire hula sau bakwai ko takwas a yini, ga sallah ga aiki, wanda zai ƙulle cikin daƙiƙa ɗaya shi ne wanda za a riƙa ƙullewa. Gilashin waje fari muka bari, tunda akwai baƙi na ciki da ake saukewa da rana a ɗage da dare. Na sa ya sayi hulunan ƙyalle biyu masu shan zufa, yana sa ɗaya yana wanke ɗaya. Na kuma ja masa kunne kan ajiya: kada ya kifa ta a kan madubi in zai shiga masallaci, don bakin madubin yana loɓa farin soso daga ciki, kada ya ɗora ta a kan tanki, don tururin fetur yana cin sa, kada kuma ya bar ta a rana tun safe har yamma. A wurin aiki yanzu ƙarƙashin teburinsa take kwana.

Taswira

A nan na tambaye shi abu ɗaya: cikin kwana bakwai, sau nawa kake zuwa inda ba ka sani ba? Ya yi shiru yana ƙirga. Hanyar aiki ya haddace ta, ta Makka tun yana goye yake bin ta. Abin da yake nema da safe shi ne sanin inda cunkoso yake. Amma ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai. Ya ce da can kudancin Jidda a tafin hannunsa yake, yana gane hanya da masallacin kaza da mai fulun kaza. Tun rusau na 2021 da 2022, da aka share Gulail inda ya tashi, da Bitrumin da Karantina da Sabil, sai ya tsinci kansa yana ɓata a wuraren da ya yi ƙwallo. Dangi ma sun watsu, kowa ya koma sabuwar unguwa, kuma kwatancen yanzu gajeren adireshi ne na hukumar gidan waya, haruffa huɗu da lambobi huɗu, wanda sai an shigar a waya. Don haka buƙatarsa gaskiya ce, sai dai ba ta kai ta riyal 1,700 ba.

Kafin mu gama shawara ya yi gaban kansa, ya sayi wani ɗan maƙali mai araha ya ɗaura babbar wayarsa a kan babur. Cikin watan Mayu, wata rana da Azahar, hasken allon ya dusashe, sannan wayar ta rubuta cewa ta yi zafi ta tsaya, yana tsakiyar gada bai san mafitar da zai bi ba. Ba laifin wayar ba ne. Masu ƙera wayoyi irin su Apple sun rubuta cewa a yi amfani da su tsakanin digiri 0 da 35, shi kuwa ya haɗa mata rana tsaka, cikakken haske, taswira da caji a lokaci guda. Akwai kuma illar da ba a gani nan take. A Satumbar 2021 Apple ya fitar da gargaɗi cewa rawar injin manyan babura tana lalata sassan kyamara masu hana hoto girgiza da masu saita shi, domin a kan 'yan ƙananan mazaunai masu motsi suke. Waya ta riyal dubbai ba wurin zamanta ba ke nan.

Na san kamfanin Garmin na ƙera allon taswira mai suna zūmo musamman don babur, mai jure rana da ruwa, ana taɓa shi da safar hannu. Ga wanda zai ratsa sahara zuwa Tabuka ko ya sauka Abha, kuɗinsa halal ne. Ga ɗan yayata, abin da muka yi ya fi sauƙi. Babbar wayar ta koma aljihun ƙirji. Muka sa ƙaramin lasifika na Bluetooth a hula, a cikin gurbin kunne da mai ƙera ta ya riga ya tanada, ba tare da yanke soso ko huda ƙoƙo ba. Yawancin tafiyarsa yanzu da murya yake yin ta, idonsa a kan titi. Don ranar da sai an ga allo, muka ɗauko tsohuwar wayarsa daga durowa, muka duba batirinta bai kumbura ba, muka sauke mata taswirar Jidda da Makka da Ɗa'ifa don ta yi aiki ba intanet. Muka ɗora ta a maƙali mai ƙulli da robar shan girgiza, a bayan gilashin gaba, sama da agogon gudu, inda take samun ɗan inuwa kuma ido ba ya nisa da hanya. Wayar caji mai gyaran lantarki ya ja ta ta makulli da fiyus, yadda in an kashe babur ta mutu, kada a wayi gari batir ya sauka. Na ce ya cika cajin tun a gida, da rana tsaka kuma ya zare.

Lissafi ɗaya na sa ya yi da kansa. Gudun kilomita 100 a awa kusan mita 28 ne a daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa biyu ya haura mita 55 ba ka ga gabanka ba, rabin filin ƙwallo. Tarar riƙe waya a tuƙi riyal 500 ce zuwa 900, amma ba ita nake jiye masa ba. Ƙa'idar da muka yi ita ce a saita hanya kafin a tada inji, in kuma an ɓata a fita a tsaya a gidan mai. Taswira kuma ba ta san komai ba. Ranar 24 ga Nuwamban 2022 ruwan da ya sauka a Jidda cikin awa shida ya kai milimita 179, hanyoyin ƙarƙashin gada suka cika. In hadari ya haɗu, ko murya ta ce ka shiga nafak, wato hanyar ƙarƙashin gada, ka bi ta sama. Haka titin Hada, ana rufe shi in hazo ko ruwa ya yi yawa, sai a zagaya ta Sailul Kabir, don haka sanarwar jami'an hanya ake dubawa kafin a fita.

Kujera

Tun ranar farko yake son a sassaƙe ta da santimita huɗu, saboda a danja da kan yatsu yake tokare ƙasa. Na hana, kuma ya ji haushi. Dalilina shi ne sabon mahayi ba ya iya bambance ciwon da kujera ke jawowa da ciwon jikin da bai saba ba, ga shi sabon soso yana ɗan kwanciya. Kafin nan muka yi abubuwan da ba sa cin kuɗi. Mun sassauta matsin sifirin na baya daidai nauyinsa, bisa littafin babur, don an saita shi ne da mutumin da ya fi shi jiki, sai babur ya ɗan zauna in ya hau. Na koya masa tsayawa da ƙafar hagu shimfiɗe a ƙasa, ɗuwawu ya ɗan gusa gefe, ta dama tana kan burki. Na hana shi silifa, ya koma takalmi mai rufe idon sawu mai kaurin ƙasa. Na kuma hana shi hawa da jallabiya ranar Juma'a. Na taɓa ganin yadda sarƙa ke naɗe bakin riga ta fizgo mutum, ba na fatan sake gani. Yanzu a jaka yake sa ta, ya sauya in ya isa.

Hajjin 2024 ya faɗo a tsakiyar Yuni, lokacin da zafi ya kusa digiri 52 a Makka, kuma shiga garin sai da tasrihi, wato takardar izini, don haka tafiyarsa ta tsaya a aiki da gida. Zuwa ƙarshen watan ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, kuma ya zo min da bayani mai ma'ana. Ciwon yana farawa bayan minti 50, a ƙasusuwan zama guda biyu. Duk burkin da ya taka yana zamewa zuwa tanki, sai ya tokare da hannu, kafaɗa ta ɗauka. Gefen kujerar na gaba yana buɗa masa cinya in zai sauke ƙafa. Sannan in ya fito daga aiki baƙar fatar tana ƙuna kamar tanda. Ka ga cikin huɗun nan babu wadda sassaƙe santimita huɗu za ta magance. Da an yi, da soson ya ƙare, ƙashi ya sauka a kan robar ƙasa, gwiwa kuma ta ƙara lanƙwashewa. Wadda yake son ya yi oda kuma ba a gwada ta kafin a biya, ga shi a bayaninta ta fi tasa faɗi a gaba.

Muka samu wani da ya sauya kujerar babur irin nasa, muka sayi tsohuwar a riyal 250, don ta asali ta zauna lafiya ko da aiki ya ɓaci ko ranar sayarwa ta zo. Muka kai wa wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota a sina'iyya. Ya ɓalle fatar, ya ɗora kujerar a kan babur, ya ce yaron ya hau. Ya zana inda ƙasusuwan suka sauka da alli. Ɗan yayata ya ce, "Baba, a sa mai laushi sosai." Dattijon ya miƙo masa soso biyu ya ce ya matsa da babban yatsa. Mai laushin ya nutse har ƙasa. Ya ce haka zai yi a ƙarƙashinka bayan rabin awa. Abin da ya yi shi ne ya fafe gefe biyu na gaba ya siranta su, ya rage santimita ɗaya da rabi kacal a sama, ya baje gangaren da ke tura shi tanki, ya faɗaɗa wurin zaman ya ɗan kwarɓe shi yadda nauyi zai bazu har cinya. Ya sa soso mai tauri a ƙasa, siriri mai laushi a sama, ya shimfiɗa leda kafin ya mayar da fata don kada ruwan wanki ya shiga. Sau uku ana hawa ana sauka kafin ya buga ƙusa. Sirantar gaban nan ita ta kawo tafin ƙafarsa ƙasa, fiye da ragin tsayin.

An ba mu shawarar sa jel a ciki, na ƙi. Yana riƙe zafi, kuma babur da ya yini a rana a Jidda zai daɗe bai huce ba. Muka sayi rigar raga mai kauri da ake ɗaurawa a sama, iska tana bi ta ƙarƙashin mutum, zufa tana samun hanya. Ta mayar da kusan santimita ɗaya na tsayin da muka rage, muka karɓa a haka. In zai ajiye babur yana yafa farin tawul a kai. Na kuma sa ya daina sa walat a aljihun baya.

Jimillar abin da aka kashe: hula 1,150, lasifika 450, maƙali da robarsa 280, jan wayar caji 90, tsohuwar kujera 250, aikin dattijo 200, raga 60. Riyal 2,480 ke nan. Ragowar 520 ya sayi safar hannu, ya ajiye saura yana tara kuɗin rigar raga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, wadda har yanzu nake masa ciwon bakinta.

A Oktoba muka hau Hada tare, ni a gaba shi a baya. Daga ƙasan dutse zuwa sama, inda tsayi ya kai kusan mita 2,000, iska ta sauya har sai da ya rufe ƙofofin hular da muka sha wahalar nema. Kusa da ƙarshe hazo ya sauko, numfashinsa ya rufe gilashi daga ciki, dole muka tsaya a gefe kusa da birai ya goge. Hular ta zo da maƙalan Pinlock, siririn gilashi na biyu da ke hana wannan, amma a shago ni ne na ce a bar shi, ina tunanin Jidda kawai. Mun saya a makon da muka dawo. Kujerar ta kai shi awa ɗaya da minti 40 kafin ya nemi hutu, sai dai ya ce gefen dama na baya yana ɗan tokarinsa, kuma dattijon ya ce a kawo ya sake fafewa.

A hanyar dawowa muka biya ta Makka. Yaya ta karɓi hular ta auna nauyinta a hannu, ta ƙwanƙwasa haɓar da yatsa, ta tambayi shekara nawa take yi. Na ce masu ƙerawa suna cewa a sauya bayan kamar shekara biyar, ko ranar da ta bugi ƙasa da kai a ciki. Ta sa aka miƙo mata biro, ta rubuta watan da aka saya a 'yar takarda, ta ce ya soke ta cikin jakar istimara.